Makaɗan jazz Musulmi: Abin da suka nema da abin da suka bari

Ranar 16 ga watan Afrilun 2023 Allah Ya yi wa Ahmad Jamal rasuwa a gidansa da ke jihar Massachusetts ta ƙasar Amurka, yana da shekaru 92 da haihuwa. Ga masu sha'awar kiɗan jazz, an yi rashin ɗaya daga cikin gwanayen kaɗa piyano na ƙarni na 20. Ga masana tarihin Musulunci a Amurka kuwa, rasuwar tasa ta kusa rufe babin wani rukuni na makaɗa baƙar fata, waɗanda suka karɓi Musulunci tun zamanin da dokar wasu jihohin ƙasar ta hana su cin abinci a teburi ɗaya da farar fata.

Kafin shi, Yusef Lateef ya rasu a 2013, Idris Muhammad a 2014, sannan McCoy Tyner a 2020. Shekara guda bayan rasuwar Jamal, wato a 2024, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kai babban bikin Ranar Jazz ta Duniya birnin Tanja na ƙasar Maroko, karo na farko ke nan da wani birni na Afirka ya karɓi baƙuncinsa. A 2025 aka kai shi Abu Dhabi. Tun a 2011 hukumar ta keɓe ranar 30 ga watan Afrilun kowace shekara domin wannan kiɗa.

Wannan karramawa ta zo ne a daidai lokacin da mutanen da suka ƙulla alaƙa tsakanin jazz da duniyar Musulmi ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Don haka akwai tambayoyin da suka cancanci amsa: me ya ja waɗannan makaɗa zuwa ga Musulunci, wane sauyi ya kawo wa rayuwarsu, kuma a wane hali sana'ar da suka bari take ciki?

Tushen kiɗan

Jazz ya tsiro ne a birnin New Orleans da ke kudancin Amurka a farkon ƙarni na 20, a tsakanin jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka. A wannan birni akwai wani dandali da ake kira Congo Square, inda a zamanin bauta ake barin bayi su taru ran Lahadi su yi kiɗa da rawa irin na ƙasashensu. Daga baya kiɗan gangunan ya gauraya da na badujala irin ta sojoji, da waƙoƙin coci, da kuma waƙoƙin ƙunci na ma'aikatan gonakin auduga da ake kira blues.

Babban abin da ya bambanta jazz da kiɗan Turawa na gargajiya shi ne ƙirƙira nan take. Makaɗi yana ɗaukar karin da kowa ya sani, ya juya shi yadda ya ga dama a gaban 'yan kallo, abokan kiɗansa suna amsa masa, ta yadda ba a kaɗa waƙa ɗaya sau biyu ta fito iri ɗaya.

Wasu masana na ganin cewa akwai hannun Musulmin Afirka ta Yamma tun a tushen. Tarihi ya tabbatar da cewa akwai Musulmi masu karatu a cikin bayin, kamar Umar ibn Sa'id, mutumin Futa Toro, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 yana bawa a jihar North Carolina. Masaniyar tarihi Sylviane Diouf da masanin kiɗa Gerhard Kubik sun yi nuni da kamannin da ke tsakanin yadda mawaƙan blues ke jan murya da lanƙwasa ta, da yadda ake rera waƙa a yankin Sahel da Musulunci ya daɗe da kafuwa. Kazalika banjo, wanda aka yi amfani da shi a jazz na farko, ɗan dangi ne ga kayan kiɗa masu tsirkiya irin su molo da gurmi. Sai dai wannan fahimta ce ta masana, ana kuma ci gaba da muhawara a kan girman tasirin.

Abin da babu gardama a kansa shi ne, tun daga farko ba masu kiɗan ne suka fi cin moriyarsa ba. Faifan jazz na farko da ya shiga kasuwa a 1917, wata ƙungiya ce ta farar fata zalla ta yi shi.

Me ya ja su?

Guguwar shiga Musulunci ta taso ne a shekarun 1940, daidai lokacin da matasan makaɗa a New York suka ƙirƙiro wani sabon salo mai sauri da wuyar kaɗawa da ake kira bebop. Waɗannan matasa sun ƙi yarda a ci gaba da kallonsu a matsayin 'yan wasan da aikinsu shi ne faranta wa farar fata rai. Suna son a ɗauke su masana fasaha, a saurare su kamar yadda ake sauraron makaɗan Turai.

Makaɗin ganga Art Blakey, haifaffen birnin Pittsburgh, ya ziyarci Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1940, ya kuma ɗauki sunan Abdullah ibn Buhaina. Shi da kansa ya ce neman sanin addini ne ya kai shi, ba koyon ganga ba. Kenny Clarke ya zama Liaqat Ali Salaam, Edmund Gregory ya zama Sahib Shihab, Frederick Jones kuma ya zama Ahmad Jamal a 1950. Al'amarin ya yi yawan da a 1953 mujallar Ebony, wadda baƙar fatar Amurka suka fi karantawa, ta yi rahoto na musamman a kansa.

Yawancinsu sun shiga ne ta hannun ƙungiyar Ahmadiyya, wadda mai wa'azinta Mufti Muhammad Sadiq ya isa Amurka a 1920 ya kafa cibiya a Chicago. A wancan lokaci ita ce ta fi kowa ƙwazo wajen raba Alƙur'ani mai fassarar Ingilishi da koyar da Larabci a unguwannin baƙar fata. Akasarin malaman Musulunci ba su amince da aƙidar wannan ƙungiya ba, kuma a 1974 ƙungiyar Rabiɗa ta Makka da majalisar dokokin Pakistan suka yanke cewa ta fita daga Musulunci, hukuncin da mabiyanta ba su yarda da shi ba. To amma makaɗin da ke Detroit ko Philadelphia a 1948 bai da zaɓi mai yawa a gabansa. Masallatan Ahlus Sunna ƙalilan ne, kamar wanda Shehu Daoud Faisal ya kafa a Brooklyn. Sai bayan hajjin Malcolm X a 1964, da kuma sauyin da Warith Deen Mohammed ya kawo daga 1975, tafarkin Sunna ya rinjaya a tsakanin Musulmi baƙar fata na Amurka.

Dalilan shigar sun sha bamban. Dizzy Gillespie, wanda bai musulunta ba, hasali ma addinin Baha'i ya shiga a 1968, ya bayyana a tarihin rayuwarsa cewa wasu abokan sana'arsa sun gano suna na Larabci yana buɗe musu ƙofar otal da gidan abincin da aka hana baƙar fata shiga, domin ana ɗaukarsu baƙi ne daga wata ƙasa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna rashin hankalin tsarin wariyar: mutum ɗaya, fata ɗaya, amma suna ya sauya matsayinsa.

Sai dai masana irin su Richard Brent Turner sun nuna cewa batun ya wuce neman masauki. Sunan da baƙar fatar Amurka ke ɗauke da shi, sau da yawa na ubangidan kakansa ne. Ajiye shi na nufin yanke igiyar bauta. Bugu da ƙari, coci-cocin ƙasar a rabe suke bisa launin fata, alhali a sahun salla suna ganin Ba'indiye da Balarabe da baƙar fata kafaɗa da kafaɗa. Ga kuma labarin ƙasashen Afirka da Asiya da ke fafutukar korar 'yan mulkin mallaka, wanda ya sa makaɗan suka ji cewa su ba 'yan tsiraru ba ne a duniya.

Tasirin ya kai har ga waɗanda ba su musulunta ba. John Coltrane, wanda ake lissafawa cikin manyan masu busa saksofon a tarihi, matarsa ta farko Naima Musulma ce, haka ma mai kaɗa masa piyano McCoy Tyner, wanda ya karɓi addinin yana ɗan shekara 17.

Tsakanin masallaci da mashaya

Matsalar da waɗannan mutane suka fuskanta ita ce, kasuwar jazz a gidajen rawa da mashaya take ci. A nan ake samun aiki, a nan kuma giya da miyagun ƙwayoyi suka yi katutu. Ƙwayar hiroyin ta yi wa makaɗan bebop mummunar ɓarna. Charlie Parker, jagoran salon, ya mutu a 1955 yana da shekaru 34 kacal, amma likitan da ya duba gawarsa ya ƙiyasta cewa ya haura 50. Mawaƙiya Billie Holiday ta mutu a 1959 tana da shekaru 44, bayan 'yan sanda sun kama ta a kan gadon jinya, sun kuma sa masu gadi a ɗakinta na asibiti.

Hukuma ma ta riƙe wuyan sana'ar. Daga 1940 zuwa 1967 babu mai yin wasa a wurin da ake sayar da giya a New York sai da wani kati da 'yan sanda ke bayarwa, kuma suna iya ƙwace shi da zarar an kama mutum. Thelonious Monk ya rasa nasa a 1951, ya shafe kimanin shekaru shida ba ya iya yin wasa a manyan gidajen birnin da yake zaune. A watan Agustan 1959 'yan sanda suka fasa wa Miles Davis kai a ƙofar gidan rawa na Birdland, inda yake aiki a daren.

Ga wasu, salla da azumi da haramcin maye sun zama garkuwa. Ga wasu kuwa abin bai ɗore ba. Blakey kansa ya daɗe yana fama da ƙwaya bayan musuluntarsa. Wasu kuma ƙaura suka zaɓa. Kenny Clarke ya koma Paris a 1956 ya zauna a Faransa har rasuwarsa a 1985, Sahib Shihab da Idrees Sulieman kuma suka yi shekaru a Copenhagen ta ƙasar Danmak, inda suka tarar da mutunci da aikin da suka rasa a gida.

Ahmad Jamal ya gwada wata hanya dabam. Faifan da ya ɗauka a otal ɗin Pershing na Chicago a 1958 ya shafe fiye da shekaru biyu a jerin faya-fayen da aka fi saye a Amurka, abin da ba kasafai yake faruwa ga jazz ba. Da kuɗin da ya samu ya ziyarci Masar da Sudan a 1959, sannan a 1961 ya buɗe gidan kiɗa na kansa mai suna Alhambra, wanda ba a sayar da giya a cikinsa. Bai cika shekara ba ya rufe. Darasin a fili yake: ribar irin waɗannan wurare daga kwalba take fitowa.

Shi kuwa Gigi Gryce, wanda ya ɗauki sunan Basheer Qusim, ya lura ne da yadda kamfanonin faifai ke mallake haƙƙin waƙoƙin da makaɗa suka tsara. A tsakiyar shekarun 1950 ya kafa kamfanin kansa domin makaɗa baƙar fata su riƙe haƙƙinsu. Bai jima ba ya janye daga sana'ar baki ɗaya a farkon shekarun 1960, ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar gwamnati a New York.

Daga Detroit zuwa Zariya

Babu wanda tarihinsa ya kusanci ƙasar Hausa kamar Yusef Lateef. An haife shi a 1920 a Chattanooga da sunan William Huddleston, ya tashi a Detroit, ya yi aiki da ƙungiyar Gillespie a 1949, a daidai shekarun da ya karɓi Musulunci. Tun a shekarun 1950 ya fara shigar da kayan busa na ƙasashen Larabawa da Indiya da Sin cikin kiɗansa, tun kafin a fara maganar kiɗan duniya a kasuwannin Turai.

Lateef ya ƙi jinin kalmar jazz, yana ganin akwai ƙasƙanci a asalinta. Ya ƙirƙiro tasa kalmar da ke nufin kiɗan da ke fitowa daga jiki da hankali da ruhin mutum. Jamal ma haka, ya fi son a ce kiɗan gargajiyar Amurka na masana. A 1975 Lateef ya sami digirin digirgir a fannin ilimi daga Jami'ar Massachusetts, da nazarin da ya kwatanta ilimin Turawa da na Musulunci. Daga farkon shekarun 1980 kuma ya daina wasa a duk wurin da ake sayar da giya, matakin da ya toshe masa babbar hanyar samun kuɗi.

A wannan lokaci ne ya nufo Najeriya. Daga 1981 zuwa 1985 ya yi aiki a matsayin babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda ya yi nazari a kan sarewar Fulani, ya kuma koyar. A 1983 ya ɗauki faifai a Legas tare da makaɗan ganga na ƙasar. A 1987 aka buga littafin da suka rubuta shi da Ziky Kofoworola a kan kiɗa da wasannin Hausawa.

Zuwan nasa ya faɗo a wata al'umma da ita ma take da tata muhawarar game da kiɗa. A ƙasar Hausa sarakuna da attajirai na yi wa makaɗi kyautar doki da mota, amma al'ada ta ajiye sana'ar a ƙasan jerin sana'o'i, kuma malamai sun daɗe da saɓani a kan hukuncinta. Shekaru kaɗan bayan tafiyar Lateef, wato a 1988, jami'ar ta Zariya ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa. Abin da Lateef ya yi ta nema a Amurka ke nan, a yarda cewa makaɗi na iya zama malami kuma mutumin kirki. Ya koma gida ya ci lambar Grammy a 1988, ya ci gaba da koyarwa a Massachusetts, ya rasu ran 23 ga watan Disambar 2013 yana da shekaru 93.

Jakadun da ba su da 'yanci a gida

Yayin da 'yan sanda ke ƙwace katin makaɗa a New York, Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta gano cewa suna da amfani a Yaƙin Cacar Baka. Tarayyar Sobiyet na amfani da hotunan wariyar launin fata wajen zubar da ƙimar Amurka a idon ƙasashen da ke samun 'yancin kai. Martanin Washington shi ne ta tura makaɗan jazz. A 1956 Gillespie ya zagaya Iran da Pakistan da Lebanon da Siriya da Turkiyya, galibinsu ƙasashen Musulmi. Tun daga 1955 kuma Muryar Amurka ta fara watsa shirin jazz na Willis Conover, wanda ya gabatar har rasuwarsa a 1996.

Makaɗan sun san wasan da ake yi. A 1957 Louis Armstrong ya fasa tafiya Tarayyar Sobiyet da sunan gwamnati, ya kuma soki shugaba Eisenhower a bainar jama'a, saboda yadda aka hana yara baƙar fata tara shiga makaranta a Little Rock. Duk da haka a 1960 ya yi doguwar ziyara a Afirka, wadda ta kai shi har Kaduna, inda ya gana da Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, kafin ya wuce Leopoldville ta ƙasar Kwango a watan Oktoba.

Wannan zango na Kwango shi ne ya sake tayar da ƙura a 'yan shekarun nan. Kusan watanni uku bayan wasan, ran 17 ga Janairun 1961, aka kashe Patrice Lumumba. A littafinta na 2021 masaniyar tarihi Susan Williams ta yi zargin cewa jami'an hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA sun fake da ziyarar, ba tare da sanin Armstrong ba. Wani fim na tarihi da ɗan ƙasar Beljiyam Johan Grimonprez ya fitar a 2024, wanda ya shiga takarar lambar Oscar a 2025, ya sake bin sawun labarin, har da yadda makaɗin ganga Max Roach da mawaƙiya Abbey Lincoln suka shiga zanga-zangar da aka yi a zauren Kwamitin Sulhu a watan Fabrairun 1961.

Akwai kuma waɗanda suka zo Afirka suka zauna. Randy Weston ya halarci wani bikin al'adu a Legas a 1961, daga baya ya tare a Maroko, ya buɗe gidan kiɗa a Tanja wanda ya gudanar har 1972. A can ya ƙulla zumunci da makaɗan Gnawa, jikokin mutanen da aka kai Maroko daga kudu da Sahara. Ya rasu a 2018, shekara guda kafin UNESCO ta sa kiɗan Gnawa cikin jerin al'adun duniya da ya wajaba a adana.

Darasin Afirka ta Kudu

Idan a Amurka gwamnati ta yi amfani da jazz, a Afirka ta Kudu tsoronsa ta ji. A 1960 ƙungiyar Jazz Epistles, wadda ta haɗa Dollar Brand da Hugh Masekela da Kippie Moeketsi da Jonas Gwangwa, ta fitar da cikakken faifan jazz na farko na baƙar fatar ƙasar. A watan Maris na shekarar 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu zanga-zanga a Sharpeville, aka kuma tsaurara dokokin hana taro da cuɗanyar launin fata. Ƙungiyar ta watse, yawancin 'ya'yanta suka fice.

Brand ya isa Zurich a 1962, inda Duke Ellington ya ji kiɗansa a shekarar da ta biyo baya, ya kuma shirya masa ɗaukar faifai a Paris. A 1968 ya musulunta a Cape Town, birnin da ke da tsohuwar al'ummar Musulmi, ya zama Abdullah Ibrahim, ya yi aikin hajji a 1970. Kiɗansa na 1974 mai suna Mannenberg, wanda aka raɗa wa sunan wata unguwa da aka jibge mutanen da aka kora daga gidajensu, ya zama take a tarukan adawa da wariyar launin fata a shekarun 1980, duk kuwa da cewa kusan babu kalmomi a cikinsa. Ya sake gudun hijira bayan boren Soweto na 1976, ya dawo bayan sakin Nelson Mandela a 1990, ya kuma yi wasa a bikin rantsar da shi a 1994.

Girmamawa ba kuɗi ba ce

A 1987 majalisar dokokin Amurka ta zartar da ƙudurin da ɗan majalisa John Conyers ya gabatar, wanda ya ayyana jazz a matsayin dukiyar ƙasa. Daga nan kiɗan ya shiga jami'o'i da manyan zaurukan wasa. Jamal ya sami lambar Grammy ta karrama aikin rayuwa a 2017. Amma a kasuwa rabon jazz bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na kiɗan da ake saurare a Amurka ba.

Tsarin biyan haƙƙi ma bai taimaka ba. Gidajen rediyon AM da FM na Amurka suna biyan wanda ya tsara waƙa, amma ba sa biyan wanda ya kaɗa ta, abin da ke cutar da jazz musamman, tunda gwanintarsa a wajen kaɗawa take. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi wa manyan taurari rakiya a faya-fayen da ake sayarwa har yau, ladan rana ɗaya aka ba su aka sallame su. Daga 2024 kamfanin Spotify ya daina biyan komai a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba. Tun 1989 akwai wata gidauniyar jazz a New York da aikinta ya haɗa da biya wa tsofaffin makaɗa kuɗin haya da na magani.

Annobar korona ta 2020 ta fito da wannan rauni fili. An rufe gidajen wasa, wato hanyar samun da ta rage, sannan cikin 'yan makonni cutar ta kashe Manu Dibango na Kamaru a Faransa, da Ellis Marsalis da Wallace Roney da Lee Konitz a Amurka. A ranar 30 ga Afrilun shekarar, ranar jazz ta duniya, Tony Allen, makaɗin gangar Fela Kuti, ya rasu a Paris, kodayake shi ba annobar ce ta kashe shi ba. Allen ya sha faɗin cewa daga faya-fayen Art Blakey ya koyi abubuwa da dama, har ya yi faifai na tunawa da shi a 2017.

Duk da haka kiɗan bai mutu ba, wurin zamansa ne yake sauyawa. A 2023 ƙungiyar Ezra Collective ta Landan, ƙarƙashin jagorancin Femi Koleoso, ɗan asalin Najeriya wanda ya koyi ganga a wajen Tony Allen, ta zama ƙungiyar jazz ta farko da ta ci lambar Mercury ta Birtaniya. A shekarar ce kuma matashiya Samara Joy ta ci Grammy ta sabuwar tauraruwa. Anouar Brahem da Dhafer Youssef na Tunisiya, da Amir ElSaffar, Ba'amurke ɗan asalin Iraƙi, suna haɗa jazz da karin Larabawa, hanyar da Lateef da Ahmed Abdul-Malik suka share tun shekarun 1950. Mawaƙan hip-hop ma sun gaji wani kaso. Nas ya gina ɗaya daga cikin fitattun waƙoƙinsa na 1994 a kan piyanon Ahmad Jamal.

Bambancin shi ne, waɗannan sun tarar da Musulunci ko al'adar Afirka a gida, su kuwa mutanen Jamal sai da suka fita nema, suka kuma biya farashi. Sun sami mutuncin da suka nema, har ana karanta tarihinsu a jami'o'i. Ɓangaren da Gigi Gryce ya yi yaƙi a kansa, na wanda ya mallaki kiɗan da wanda ke karɓar kuɗinsa, shi ne har yanzu ba a warware ba. Abin jira a gani shi ne ko ƙasashen da suka fara karɓar baƙuncin bukukuwan jazz za su tsaya ga shagalin dare ɗaya, ko kuwa za su sa kuɗi a makarantun kiɗa da dokokin kare haƙƙin makaɗansu.